Yadda Ake Nemo Ƙwaro Masaƙi, a Gane Shi, a Kuma Yi Kiwonsa Don Sanin Rayuwarsa

Akwai wani ƙaramin ƙwaro da ke saƙa siliki da ƙafafunsa na gaba, ya gina wa kansa dogayen hanyoyi masu kama da bututu a jikin ɓawon bishiya, ko a ƙarƙashin dutse, ko a cikin busasshen ganyen da ya taru a ƙasa, kuma a cikin waɗannan hanyoyi ne yake cin abinci, yake fakewa, yake renon 'ya'yansa. Masana ilimin ƙwari suna kiran rukuninsa Embioptera, sunan da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin kuzari, ɗaya kuma mai nufin fiffike. A wannan jagora zan riƙa kiransa ƙwaro masaƙi, domin saƙa ita ce sana'arsa tun daga ranar da aka ƙyanƙyashe shi. An bayyana sama da nau'i 400 a rubuce, amma Edward S. Ross, masanin da ya yi shekaru masu yawa a Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko yana zagaya duniya don tattara su, ya ƙiyasta cewa za su kai kimanin nau'i 2,000. Mafi yawansu suna zaune a ƙasashe masu zafi, har da na Afirka, kuma tsoho ne ƙwarai a doron ƙasa, don an samu burbushinsa a duwatsun zamanin Jurasik, wato na miliyoyin shekaru da suka wuce, a yankin Mongoliya ta Ciki da ke ƙasar Sin.

Abin da ya sa mutane ba su san shi ba shi ne ba kasafai yake fita ba. Wanda ya tashi neman ƙwaron kai tsaye zai dawo hannu rabbana, amma wanda ya koyi gane saƙarsa zai same shi, wani lokaci ma a jikin bishiyar da ke ƙofar gidansa. Saboda haka dukkan matakan da ke tafe an gina su ne a kan saƙar: yadda za a gano ta, yadda za a karanta abin da take nunawa, da yadda za a sa ƙwaron ya sake yin ta a gaban idon mai nazari.

Mataki na farko: ka san siffarsa tun kafin ka fita

Jikin ƙwaro masaƙi siriri ne, dogo, mai laushi, kuma yawanci tsawonsa yana tsakanin milimita 5 zuwa 20, wato ƙanananan ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Launinsa kan zama ruwan ƙasa ko baƙi, wasu kuma suna da ja-ja ko fari-fari a wuya. Ƙafafunsa gajeru ne, kansa yana fuskantar gaba, yana da 'yan eriyoyi biyu masu gaɓoɓi da yawa, sannan a ƙarshen cikinsa akwai wasu 'yan tsinkaye guda biyu, kowanne mai gaɓa biyu, waɗanda da su yake jin abin da ke bayansa.

Alamar da ba ta kuskure ita ce ƙafar gaba. Gaɓar farko ta tafin ƙafar a kumbure take, kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe da kara. A cikin wannan kumburi akwai 'yan jakunkuna masu yawa da ke samar da ruwan siliki, waɗanda a wasu nau'ukan aka ƙiyasta sun kai 150 a kowace ƙafa, kuma kowace jaka tana da siririyar hanya da ta fito ta cikin wani gashi mai rami a ƙarƙashin tafin. Idan ƙwaron ya dafa ƙafarsa a kan wani abu ya ja, sai zaruruwa da yawa su fito a lokaci ɗaya. Namiji da mace, babba da ɗan ƙarami, dukkansu suna saƙa. Wannan ya bambanta shi da gizo-gizo, wanda ke fitar da yanarsa daga ƙarshen ciki, ya kuma bambanta shi da tsutsar siliki, wadda ke fitar da nata zaren daga baki, kuma a lokacin ƙuruciya kaɗai.

Alama ta biyu tana ƙafar baya, inda cinyar ta yi kauri saboda tsokar da ke cikinta. Mai kallo zai zaci kaurin na tsalle ne kamar na fara, amma ba haka ba ne: tsokar ta gudu da baya ce. Dabbar da ke zaune cikin matsattsen bututu ba ta da sararin juyawa idan haɗari ya tunkaro ta daga gaba, don haka Allah ya hore wa wannan ƙwaro gudu da baya cikin saurin da ido kan kasa bi.

Mace ba ta da fiffike ko kaɗan a kowane nau'i. Namiji a mafi yawan nau'uka yana da fikafikai huɗu masu kama da juna, masu launin hayaƙi da fararen layuka a tsawonsu, kuma suna da laushi ƙwarai, ta yadda idan yana gudu da baya cikin bututu sai su lanƙwashe su kifu ta kan kansa ba tare da sun karye ko sun maƙale a saƙar ba. Idan ya tashi tashi sama, sai ya tura ruwan jikinsa cikin wasu jijiyoyin fikafikan su yi tauri na ɗan lokaci. A ganina babu wani sashe na jikin wannan ƙwaro da ya fi wannan nuna cewa zaman bututu ne ya tsara dukkan halittarsa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba a buƙatar kayan tsada. Ka tanadi gilashin hannu mai ƙara girman abu kamar sau goma, da tocila, da ƙaramar wuƙa, da gashin kaza ko buroshi mai laushi, da sanda, da kwalabe biyu ko uku masu faɗin baki, da yankin ƙyalle mai shara-shara tare da robar ɗaurewa, da littafin rubutu da fensir. Wayar hannu mai kyamara ta isa wajen ɗaukar hoto, musamman idan aka kara gilashin a gaban idon kyamarar.

Mataki na uku: zaɓen lokaci da wuri

A ƙasashe masu yawan ruwa da duhuwar daji ana samun ƙwari masaƙa a jikin bishiyoyi kusan duk shekara, kuma saƙarsu kan lulluɓe gangar jikin bishiya kamar an shimfiɗa farin mayafi. Irin wannan ne ake gani a tsibirin Tirinidad, inda Janice Edgerly-Rooks ta Jami'ar Santa Kilara da ke Amurka ta daɗe tana nazarin wani babban nau'i mai suna Antipaluria urichi. A wuraren da rani ke da tsawo kuwa, irin namu, al'adarsu daban ce. Idan ƙasa ta bushe sai su nutsa cikin tsagar ƙasa da saiwoyin ciyawa da ƙarƙashin manyan duwatsu inda sauran laima take, su shimfiɗa siliki a can, ba za su dawo sama ba sai ruwa ya sauka. Don haka mai nema a ƙasar Hausa ya fara daga faɗuwar damina zuwa farkon kaka. Fita nema a tsakiyar hunturu ko cikin zafin bazara ɓata lokaci ne, sai dai a lambu ko fadama ko gindin bishiyar da ake ba ruwa kullum.

Wurare huɗu ne suka fi dacewa a duba. Akwai tsagogin ɓawon tsofaffin bishiyoyi masu kaushin jiki, irin su tsamiya da maɗaci da darbejiya da mangwaro, musamman ɓangaren da ke cikin inuwa wanda gansakuka ta kama. Akwai gindin tsofaffin rassan dabino da giginya, inda ƙura da busasshen zare ke taruwa. Akwai ƙarƙashin duwatsu da guntayen bulo da itatuwan da suka daɗe a kwance. Sannan akwai tarin busasshen ganye a gindin shinge ko katanga, inda ƙwaron kan haɗa ganye biyu ko uku da siliki ya zauna a tsakaninsu. Batun dabino yana da tarihi: wani baƙin nau'i mai suna Oligotoma nigra, wanda asalinsa daga yankin arewacin Afirka zuwa Indiya ne, yanzu ya zauna daram a kudu maso yammacin Amurka, kuma masana sun fi karkata ga cewa ya isa can ne a cikin dashen dabinon da aka yi jigilarsa daga Gabas ta Tsakiya. Wani ɗan uwansa, Oligotoma saundersii, shi ma ya bi kayan fatauci ya bazu a ƙasashe masu zafi da yawa.

Wajen ɗaga dutse a yi hattara, domin wurin da ƙwaro masaƙi ke so shi ne wurin da kunama da shanshani ke so, wani lokaci har da maciji. Kada ka tura yatsu ƙarƙashin dutse. Ka sa sanda ka ɗaga gefen da ya fi nisa da kai, yadda dutsen zai zama garkuwa tsakaninka da abin da zai fito, kuma idan ka gama dubawa ka mayar da shi yadda ka same shi, saboda laimar da ke ƙarƙashinsa ita ce rayuwar halittu da dama.

Akwai kuma hanya mai sauƙi ta sanin ko suna unguwarku. A daren damina ka duba bangon da ke kusa da fitila, domin mazan wasu nau'uka, musamman na dangin Oligotoma, suna zuwa wurin haske. Za a iya ɗaukarsu a matsayin shinge, wato gara mai fiffike, amma shinge yana zubar da fikafikansa bayan ya sauka, shi kuwa namijin masaƙi ba ya zubarwa, kuma gilashinka zai nuna maka kumburin ƙafar gaba.

Mataki na huɗu: rarrabe saƙarsa da ta wasu

A nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata, don haka ya kamata a dakata a yi bayani sosai. Saƙar ƙwaro masaƙi ba tarko ba ce. Ba ta da danƙo, ba ta kama ƙuda, kuma ba a shimfiɗa ta a sarari tsakanin rassa. Kullum a manne take da wani abu, tana bin tsagar ɓawo ko fuskar dutse, tana rarrabuwa kamar jijiyoyin bayan hannu. Faɗin kowane bututu bai cika wuce kaurin jikin mai shi da kaɗan ba, domin ƙwaron yana son gashin jikinsa ya riƙa taɓa bango ta kowane gefe. Sabuwar saƙa fara ce mai ɗan sheƙi, wani lokaci da alamar shuɗi-shuɗi, kuma ta fi kama da siririyar takarda ko yanar da ke kan madarar da aka dafa fiye da zaren gizo-gizo. Dalilin wannan santsi shi ne sirantar zaren: a nau'uka da yawa kaurinsa bai wuce nanomita 100 ba, wato gashin kan mutum ya fi shi kauri sau ɗaruruwa, kuma yana cikin zaruruwa mafi siranta da aka sani a cikin dabbobi.

Idan ka bi bututun da ido, za ka ga ya kai ga wani wuri mai kauri, sau da yawa a cikin rami ko tsaga, inda aka ninka siliki sau da yawa. Nan ne ɗakin fakewa, nan ake wuni, nan kuma ake ajiye ƙwai. Daga nan hanyoyi masu shara-shara suke miƙewa zuwa wuraren kiwo. Wasu nau'ukan suna yayyafa kashinsu da tattaunannen ɓawo a kan saƙar don ta saje da bishiyar, saboda haka idan ka ga wani layi mai ɗan tudu a jikin ɓawo wanda ya yi kama da an barbaɗa masa gari, ka taɓa shi da gashin kaza ka ga ko yana da siliki a ƙarƙashi.

Abubuwan da ake rikita shi da su su ne waɗannan. Hanyar gara da laka ake gina ta, tana farfashewa idan an taɓa, babu zare a cikinta. Yanar gizo-gizon da ke zama a tsagar bango tana da baki mai kama da mazurari, da zaruruwa masu kama ƙafar ƙwari, kuma galibi akwai gawarwakin abin da ya ci a kusa. Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cin gansakukar ɓawo da ke lulluɓe bishiya da yana mai shara-shara, amma tasu shimfiɗa ce ba bututu ba, kuma su kansu gajeru ne masu ƙaton kai. Sai kuma gidan tsutsotsin da ake samun silikin tsamiya daga gare su, wanda masu ɗinkin hannu suka daɗe suna yi wa manyan riguna aiki da shi. Wannan dunƙulalliyar jaka ce mai kauri da tsutsotsi da yawa suka haɗu suka saƙa don su rikiɗa a ciki, kuma ba ta da wata alaƙa da abin da muke nema. Silikin ƙwaro masaƙi bai da yawan da za a kaɗa shi a yi zare, kuma ba na son mai karatu ya shiga wannan aiki da tunanin sana'a. Ribarsa sani ce.

Mataki na biyar: kallo ba tare da ɓarna ba

Idan ka tabbatar ka samu gida, kada ka yi gaggawar yage shi. Ka fara zana taswirarsa a littafinka, ka auna tsawonsa da faɗinsa, ka rubuta tsayinsa daga ƙasa da ɓangaren da yake fuskanta, sannan ka ɗauki hoto. Da rana za ka ga kamar babu kowa a ciki. Ka dawo bayan sallar isha'i da tocila, ka rage haskenta da yanki, ka haska daga gefe maimakon daga sama, sai inuwar ƙwarin ta bayyana ta cikin silikin suna kai da kawowa. A bakin hanyoyin za ka ga suna gaigayar abincinsu, wanda ya ƙunshi gansakuka, da busasshen ganye, da matattun sassan ɓawo. Ba sa fita fili su yi kiwo. Idan abincin wuri ya ƙare sai su ƙara tsawon bututun zuwa sabon wuri, shi ya sa gidan yake faɗaɗa daga mako zuwa mako, kuma idan ka sa alama da fensir a iyakar saƙar yau, bayan kwana bakwai za ka iya auna yawan abin da aka ƙara.

Don ganin yadda ake saƙar, ka sa bakin wuƙa ka yi 'yar ƙaramar tsaga a jikin bututu ɗaya, wadda ba ta wuce faɗin farce ba, sannan ka jira shiru. Wani lokaci cikin mintoci, wani lokaci sai dare ya yi nisa, ɗaya daga cikinsu zai zo ya gyara. Za ka ga yana miƙa ƙafar dama ya dafa, ya ja ta zuwa hagu, ya miƙa ta hagu ta tsallaka ta dama, yana kaiwa gefe, yana kaiwa sama da bayansa, yana mirginawa a cikin bututun don ya rufe kowane ɓangare. Saurin ƙafafun yana da ban mamaki, kuma wanda ya taɓa zama kusa da masaƙin gargajiya yana jefa ƙoshiya zai ga inda kamar ta fito. Idan ka taɓa gaban bututun da gashin kaza za ka ga gudu da bayan da aka ambata. Wasu kuma idan aka fito da su fili sai su sandare kamar matattu, don haka kada ka yar da wanda ya daina motsi.

Gwaji na ƙarshe a wannan mataki shi ne na ruwa. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan saƙa mai kauri ka lura da abin da zai faru. A binciken da aka yi kan Antipaluria urichi an gano cewa idan ruwa ya taɓa silikin ya bushe, zaruruwan sukan haɗe su zama wani siririn fallen da ruwa ke zamewa a kansa, wanda ke zama kamar laima ga mazauna ciki a dajin da ruwa ba ya yankewa. Ka rubuta abin da ka gani a naka nau'in, ko ya yi daidai da wannan ko ya saɓa.

Mataki na shida: ɗauka da kiwo a kwalba

Kiwon waɗannan ƙwari ba shi da wuya, kuma shi ne kaɗai hanyar ganin cikakkiyar rayuwarsu. Ka wanke kwalba ta bushe sarai. Ka zuba busasshen ganye da guntayen ɓawo daga wurin da ka samu gidan har su kai rabin kwalbar, ka jera su a tsaye da ɗan matsi, yadda wasu za su jingina da gilashin, domin ƙwaron yana son tsaga, kuma idan ya saƙa bututunsa a jikin gilashi za ka riƙa kallonsa ba tare da ka buɗe ba. Sannan ka koma wurin gidan ka yanko ɓangare guda tare da ɓawon ko ganyen da yake manne a kai, ka riƙe kwalbar a ƙarƙashi tun kafin ka fara yanka, saboda suna iya zamewa da baya su faɗo. Kada ka kama su da yatsa, jikinsu ba ya jure matsi. Gashin kaza ya isa ya tura su. Kada kuma ka kwashe gidan duka. Manyan mata biyu ko uku tare da wasu ƙanana sun isa, sauran a bar su su ci gaba da zamansu.

Ka rufe bakin kwalbar da yanki ka ɗaure da roba, ka ajiye ta a inuwa inda rana ba ta bugawa. Babban abokin gaba a cikin gida shi ne kiyashi, don haka ka ɗora kwalbar a kan wani abu da ke tsakiyar faranti mai ruwa. Game da abinci, masu kiwonsu a ɗakunan bincike sun daɗe suna amfani da ganyen latas tare da busasshen ganye da gansakukar ɓawo. Ka wanke latas ɗin da kyau don kawar da maganin feshi, ka tsane shi, ka sa ɗan guntu a saman tarin, ka canza shi bayan kwana biyu ko uku kafin ya ruɓe. Daga wannan ganye suke samun mafi yawan ruwan da suke buƙata. Kuskuren da ya fi kashe su shi ne yawan ruwa: idan ka ga gumi ya taru a jikin gilashi ko fumfuna ta fara fitowa, ka cire ɗanyen ganyen ka bar kwalbar ta sha iska. A lokacin hunturu kuwa, da iska ke busar da komai, ka yayyafa ɗigo kaɗan a gefe ɗaya kawai, ka bar ɗaya gefen a bushe, su zaɓi wanda suke so.

Alamar cewa sun karɓi wurin ita ce sabuwar saƙa. Idan ka wayi gari ka ga fararen layuka a tsakanin ganyen, kiwo ya kama.

Mataki na bakwai: bin rayuwarsu daga ƙwai zuwa girma

Macen da ta riga ta haɗu da namiji za ta saka ƙwai a cikin ɗakin fakewa, dogaye-dogaye masu ɗan murfi a kai ɗaya, ko dai a warwatse a jikin silikin ko a dunƙule wuri guda. A nau'uka da dama uwar takan lulluɓe su da tattaunannen ɓawo da kashinta da siliki, sannan ta zauna a kansu tana gadi. Wannan gadi ba na banza ba ne. Akwai wasu mitsi-mitsin zanzaro na dangin Embidobia da ke saka nasu ƙwan a cikin ƙwan masaƙi, kuma a Tirinidad an lura cewa ƙwan da aka raba da uwarsu sun fi faɗawa hannun maƙiya, an kuma lura cewa 'ya'yan da suka tashi tare da uwa sun fi saurin girma, tunda ita ce ke saƙa musu mafi yawan hanyoyin da suke bi zuwa abinci. Saboda haka idan ka ga mace ta lafe a wuri ɗaya ta ƙi motsawa kwana da kwanaki, kada ka dame ta, kuma kada ka girgiza kwalbar.

'Ya'yan suna fitowa da siffar iyayensu, farare-farare, ba tare da sun bi ta matakin tsutsa ba, kuma suna fara saƙa 'yan ƙananan bututunsu a cikin na uwarsu tun suna ƙanana. Suna yin saɓa sau huɗu kafin su balaga, abin da kan ɗauki watanni gwargwadon nau'i da ɗumin wuri. A matakan ƙarshe za ka fara ganin 'yan kumburin fikafikai a bayan waɗanda za su zama maza. Ka sa musu ido sosai, domin rayuwar balagaggen namiji gajera ce: a mafi yawan nau'uka ba ya cin abinci, muƙamuƙansa na riƙe mace ne lokacin saduwa, yakan bar gidan da aka haife shi ya tashi neman wani gida, kuma yana mutuwa ba da daɗewa ba. Wanda bai duba kwalbarsa kullum ba a wannan lokaci zai iske gawa ne kawai.

Zaman nasu zaman gandu ne mai sauƙi. Mata da yawa kan raba gida ɗaya tare da 'ya'yansu, amma babu sarauniya, babu ma'aikata, babu sojoji kamar yadda ake samu a wurin gara ko zuma. Kowace mace tana haihuwar nata. Idan kuma ka yi kiwo tsawon lokaci ba ka ga namiji ko ɗaya ba alhali ƙwai na ƙyanƙyashewa, ka rubuta wannan da muhimmanci, domin an san wasu nau'uka, kamar wani na dangin Haploembia da ya zauna a Kalifoniya, waɗanda matansu ke haihuwa ba tare da namiji ba.

Wani abin da za ka iya cin karo da shi shi ne ɗan ƙaramin masaƙi ɗauke da wata 'yar tsutsa manne a bayansa. Wannan tsutsar wani zanzaro ce na dangin Sclerogibbidae, wanda duk danginsa ba su da abin da suke rayuwa a kansa sai ƙwari masaƙa. Kada ka zubar da shi. Ka ware shi a wata ƙaramar kwalba ka jira zanzaron ya fito, domin samun irinsa ya fi samun masaƙin wuya.

Mataki na takwas: rubutu, adanawa da tantance nau'i

Duk abin da aka gani ba a rubuta ba ya tafi. Kowace kwalba ta samu lamba, kuma a littafi a rubuta ranar ɗauka, da sunan gari da unguwa, da irin bishiya ko dutsen da aka samu gidan, da yanayin ruwa a makon, sannan a riƙa ƙara ranakun da aka ga ƙwai, da ƙyanƙyasa, da saɓa, da fitowar namiji.

Tantance nau'i ya dogara kusan kacokan a kan balagaggen namiji, domin mata da ƙanana na nau'uka daban-daban suna kama da juna ƙwarai, alhali ƙarshen cikin namiji a karkace yake, ɓangaren hagu ya saɓa da na dama, kuma siffar waɗannan sassa ce masana ke dubawa da madubin ƙara girma. Wannan ne babban dalilin da ya sa Ross ya riƙa kiwon abin da ya tattaro maimakon ya adana shi nan take. Idan namiji ya fito ya yi kwana ɗaya ko biyu launinsa ya nuna, ka saka shi a ƙaramar kwalba mai ruwan etanol, wato sinadarin barasa, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, tare da mace ɗaya daga gida guda. Ba a soke su da allura a busar kamar yadda ake yi wa buzuzu, domin jikinsu yana yamutsewa. Ka rubuta bayanin da fensir a guntun takarda ka jefa cikin kwalbar, saboda tawadar biro tana narkewa a etanol. Daga nan sai ka kai samfurin sashen nazarin ƙwari na jami'a ko kwalejin aikin gona mafi kusa, hotunan kuma ka ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake tara hotunan halittu, tare da wuri da rana, ka tabbatar akwai hoto ɗaya da ya nuna ƙafar gaba a sarari, da wani da ya nuna saƙar a inda ka same ta. Sauran waɗanda ke cikin kwalbar kiwo, idan ka gama nazarinka, ka mayar da su gindin bishiyar da ka ɗauko su da yamma, a ranar da ƙasa take da laima, tare da ganyen da suka saƙa a kai.